Littafin Baba Sarzan Mai Kanwa

Jikata, wadda ke karatun koyar da ƙananan yara a kwalejin horon malamai, ta zo hutu ta same ni a zaure bayan la'asar. Ta ce an ba su aiki, kowa ya nemi wani tsohon malami ya tambaye shi littattafan da suka ɗora shi a kan hanya. Ta buɗe takarda, ta cire murfin biro, tana jira in jero mata sunaye. Na ce ta ba ni kwana uku. Ta yi dariya ta ce, "Kai dai angona, ko sunanka aka tambaye ka sai ka nemi kwana uku." Ban musa mata ba. Tun ina yaro haka Allah ya yi ni. In na kulle ƙofa sai na dawo na girgiza kwaɗon sau biyu, in na faɗi magana sai na yini ina juya ta, ko na ƙara wani abu ko na rage. Balle wannan da za a rubuta a kai wa malamai su sa maki. Abin da ya hana ni amsawa nan take shi ne, littafin da ya ɗora ni a kan hanya guda ɗaya ne, ba shi da bango, ban san sunansa ba, kuma ban taɓa karanta ko kalma ɗaya a cikinsa da kaina ba.

A shekarun da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu na gama firamare, ban sami wucewa gaba ba. Ofishin ilimi na En'e ya ɗauki irinmu aikin gwaji, aka tura ni daga Bagudo zuwa wani ƙauye gaba da Sharabi, wajen iyaka, in riƙe 'yan aji ɗaya. Ko gemu ban fara ba. Iyaka a lokacin ba komai ba ce sai wani rafi da ke ƙafewa da rani, wanda ake cewa daga can ƙasar Faranshi ce. Mutum yana iya noma gero a nan ya kai amarya can. Makarantar ɗaki biyu ce ta ƙasa da jinka, ƙararrawarmu kuwa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen tsamiya. Har yau in na rufe ido ina jin safiyar garin: dakan mata gida gida, kukan jakunan 'yan kasuwa, sannan ƙarar ƙarfen nan da ke sa tsaki su watse. Mu da kanmu muke share aji, mu cika randa, mu goge allon bango da gawayi da ɗanyen ganye don ya yi baƙi. Yara kan fara rubutu da yatsa a kan yashi kafin a ba su ƙaramin allo. Yanzu ina ganin 'yan shekara uku an rataya musu jaka ta fi su girma, an ɗora su uku uku a kan babur, suna rera Turanci tun ba su iya ɗaure wando ba. Ba na cewa namu ya fi. Namu yana da nasa aibin, kuma shi zan faɗa.

Yaran ajina ba sa magana. Ba don ba sa jin Hausa ba, ko da yake yawancinsu da Dandanci suka tashi a gida. A kasuwa da bakin rafi bakinsu ba ya rufuwa da kowane harshe. Tsoro ne. A wancan zamani ba iyaye ke kawo yara ba, maigari ne ke aika a ɗauko su, kuma kafin yaro ya iso an riga an cika masa kunne cewa boko wurin duka ne, kuma wata rana mota za ta zo ta kwashe su. Sai su zauna a kan tabarma, kai a sunkuye, kamar an yi musu rasuwa. Ina tsaye a gaban allo ina cewa "a", ina jin muryata ita kaɗai tana dawo mini. A cikinsu akwai wani ɗan masunta mai suna Alzuma, siriri mai manyan idanu, wanda tun da aka kawo shi ko tari ban ji ya yi ba. In na kira suna, yatsa yake ɗagawa.

Hedimastanmu, Malam Garba, mutumin kirki ne amma tsohon hannu. Ya ba ni tsumagiya ya ce in riƙa tsayawa ƙyam, in buɗe ƙirji, in daka tsawa, yaro sai ya ji kwarjinin malami yake buɗe baki. Na gwada. Tsawata ba ta fi ta akuya ba, kuma in na daka ta sai in ji kamar in bi yaran in ba su haƙuri. Wata rana ya kira ni gindin tsamiya ya gaya mini gaskiya, cewa mai duba makarantu zai zo bayan an yanke gero, kuma duk malamin gwajin da ajinsa bai iya amsa tambaya ba, sallamarsa ake yi. Ya ce shi ba zai iya rufa mini asiri a gaban sufeto ba, don ajin da ya yi shiru ba a ɓoye shi. Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Mahaifina ya sha gori a wurin 'yan'uwansa da ya bar ni na yi boko maimakon in riƙe masa garma. In na koma Bagudo da sallama a hannu, ba ni kaɗai za a yi wa dariya ba.

Ranar kasuwar ƙauyen, bayan an tashi makaranta, na je sayen kanwa in aika wa innata. Mai kanwar wani dattijo ne Badande da ake kira Baba Sarzan, wato saja, don ya yi sojan Faranshi a ƙuruciyarsa. Yana yawo kasuwa kasuwa da jakinsa, tsallaken rafi da wannan gefe, kullum da tsohuwar hular soja a kansa ko da rana ta take. Ya yago shafi daga wani littafi zai ƙunsa mini kanwa, sai na ga hoto a kan shafin: yara a jere a cikin aji, da malami a tsakiyarsu. Na riƙe hannunsa ban sani ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗan malam, kanwa kaka so ko takarda?" Na tambaye shi wane littafi ne. Ya ce wani malamin makaranta ne a tsallake ya bar masa shi da aka yi masa canjin gari, kuma littafin koya wa malamai yadda ake riƙon ƙananan yara ne. Rabinsa ya riga ya tafi da kanwa da gishiri gidajen mutane. Muka yi yarjejeniya, in kawo masa tsofaffin littattafan rubutun da na gama da su ya yi ƙunshi, shi kuma ya bar mini wannan, ya kuma riƙa karanta mini shafi ɗaya duk ranar kasuwa, tun da da Faransanci aka rubuta shi.

Yadda yake karatun abin kallo ne. Sai ya goge hannu a riga, ya miƙa littafin nesa da fuskarsa, ya bi layi da farcen babban yatsa yana motsa leɓe, ya yi gyaran murya, sannan ya juya mini da Hausa. Masu sayen kanwa su yi ta jira, ya ce su yi haƙuri, ana aikin gwamnati. Daga bakinsa na ji cewa kada a fara karatu da yaron da bai sha ruwa ba. Kada a kira yaro da sunan da yara ke tsokanarsa da shi. A bar yaro ya ƙirga abin da ya sani, 'ya'yan tsamiya ko kifi, kafin a nuna masa lamba a allo. Ina rubutawa a bayan littafin darasi, ina sa lambar shafi don kada in ruɗe. Sau ɗaya na lura ya karanta mini shafi guda sau biyu, makon farko ya ce kaza, mako na biyu ya ce wani abu daban. Da na nuna masa sai ya ce, "Faransanci ke nan, ɗan malam. Layi guda yana ɗaukar magana ukku." Abin ya zauna mini a rai.

Mako na huɗu muka iso shafin da ya canza mini rayuwa. A hoton, malami ya kai gwiwa ɗaya ƙasa a gaban wani ƙaramin yaro, ya riƙe hannuwansa biyu, fuskarsu daidai da juna. Baba Sarzan ya daɗe yana kallon shafin nan, bai ko motsa leɓe ba. Can ya ce, "Wanga wuri shi ka cewa, in kana son yaro ya yi maka magana, sauko har idonka ya yi daidai da nashi. Yaro ba fuskarka yaka gani ba in kana tsaye. Gwiwarka yaka gani, da abin da ke hannunka." Daga nan ya shiga ba ni labarin ranar da aka ɗauke shi soja yana ɗan saurayi, aka zaunar da su a ƙasa a wani fili, manya na tsaye a kansu suna ihu da harshen da bai sani ba. Ya ce har ya bar wurin bai san fuskar ko ɗaya ba, takalma da bel kawai ya sani. Sai wani mai ba da magani da ya tsuguna kusa da shi ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Shi kam, in ji shi, ko a lahira ya gan shi zai gane shi.

Na kwana biyu ina shawara da zuciyata. A wurinmu ƙarami ke durƙusa wa babba. Yaro ya durƙusa wa uba, ɗalibi ya durƙusa wa malami, talaka ya durƙusa wa maigari. Ban taɓa ganin an juya abin ba. Amma littafi ya ce, kuma gero ya fara fitar da kai. Ran nan da safe na ajiye tsumagiya a bayan randa, na je gaban tabarmar yara na kai gwiwa ƙasa. Suka ja da baya kamar an jefa musu maciji. Na zuba 'ya'yan tsamiya a tsakaninmu na fara ƙirgawa a hankali, na yi kuskure da gangan, na tsallake huɗu. Wata yarinya ta ce, "Huɗu," sannan ta toshe bakinta da hannu. Na ce ta gyara mini, na gode. Wani ya yi dariya. Kafin mako ya ƙare Malam Garba ya leƙo ta taga ya ga ko lafiya, don bai taɓa jin hayaniya daga ajina ba. Alzuma shi ne na ƙarshe. Wata safiya ina durƙushe a gabansa ina jera masa 'ya'yan tsamiya a matsayin kifi, ya ture guda ɗaya gefe ya ce da wata 'yar murya, "Wanga ya ruɓe, ba a saida shi." Na ji hawaye ya taho mini, na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido.

Farin cikin bai daɗe ba. Mata masu zuwa rijiya suna wucewa ta bayan aji, suka gani, suka kai gida. Aka fara cewa sabon malami yana gaida ɗiyan mutane a durƙushe. Abin da ya fasa ƙwai kuwa Alzuma ne. Mahaifinsa ya dawo daga kamun kifi ya tsaya a kansa yana tambayarsa ina ya jefar da ƙoƙon kwasar ruwa, yaron ya ɗaga kai ya ce, "Baba, sauko in hwaɗa maka." Washegari aka kira ni da Malam Garba ƙofar maigari. Dattawa sun cika zaure. Mahaifin Alzuma bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. Ya ce su sun ba da ɗiyansu ba da son ransu ba, sun haƙura, amma ba su ba da su don a koya musu cewa babba ke saukowa ba. Ya ce yau ɗansa ya ce masa ya sauko, gobe wa zai ce wa? Na so in ce littafi ne ya ce, sai na tuna littafin daga tsallake ya fito, ban sani ba ko laifi ne a shigo da shi makarantar En'e. Maigari ya yanke cewa malami ya tsaya da ƙafarsa kamar kowane malami, in ba haka ba shi ba zai ƙara aika dogari ɗauko yaron kowa ba. Malam Garba ya ce an ji, an bi.

Na koma tsayuwa. Mako biyu ina kallon ajin yana mutuwa a hannuna. Ba su koma kamar da gaba ɗaya ba, wasu suna amsawa, amma da murya ƙasa ƙasa, suna satar kallon bayan randa. Alzuma, wanda ya sha duka a gida a kan maganar nan, ya koma ɗaga yatsa. Na kai ƙara wurin Baba Sarzan ranar kasuwa, na roƙe shi ya duba ko littafin ya faɗi abin da ake yi in iyaye sun ƙi. Ya juya shafuka gaba da baya, ya ce wannan wurin yana cikin waɗanda anka ƙunshe kanwa da su. Ya ƙara da cewa in ina so in bi gida gida in tambayi mata, wataƙila wata ba ta jefa shi a murhu ba. Ni ban ga abin dariya ba a lokacin.

Sufeto ya iso a kan keke ana cikin ɗaurin damin gero. Dogon mutum ne mai farin kaftani da ya sha guga, da tabarau, da jakar fata. Labari ya bazu, mutane suka taru a bayan tagogi, har da mahaifin Alzuma da ragarsa a kafaɗa. Malam Garba ya raɗa mini cewa in tsaya ƙyam, kada in ba shi kunya. Sufeto ya zagaya aji hannu a baya, takalminsa na ƙara. Ya tambayi yaro na farko sunansa, shiru. Na biyu ya faɗa, amma ba wanda ya ji. Ya buɗe littafinsa ya rubuta wani abu, na ji kamar a bayana yake rubutawa. Sannan ya zuba tsakuwa goma a gaban Alzuma ya ce ya ƙirga. Yaron ya ƙura wa takalmin sufeto ido, jikinsa na rawa. Na dubi taga na ga mahaifinsa. Na dubi Malam Garba na ga ya rufe ido. Na san in na durƙusa na saɓa wa maigari a gaban gari, in na tsaya kuma aikina ya ƙare. Amma gaskiya ba wannan lissafi ne ya motsa ni ba. Rawar jikin yaron ce ban iya kallo daga sama ba. Sai kawai na ji gwiwata ta taɓa ƙasa.

Na ce masa a hankali, "Alzuma, kifin nan ne aka kawo. Mutumin ga baƙo ne, bai san ƙirga ba. Taimake shi." Ya dube ni, ya dubi tsakuwar, ya fara turawa ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har goma, bai tsallake ko ɗaya ba. Sufeto ya ce da kyau, ya tambaye shi in an cire uku saura nawa. Alzuma ya ɗaga kai ya bi tsawon mutumin nan da kallo har tabarau, ya ce, "Kai ma sauko." Na ji wata mata a waje ta yi salati. Ni dai na riga na fara tunanin hanyar Bagudo da yadda zan shiga gida. Sufeto ya ɗan tsaya, sannan ya miƙa wa Malam Garba jakarsa, ya tattare farin kaftanin nan, ya tsuguna. Ya ce, "To, na sauko. Saura nawa?" Alzuma ya ce bakwai.

Bayan an tashi sufeto ya kira ni gindin tsamiya ya tambaye ni inda na koyo wannan. Na kawo masa littafin. Ya juya shi ya ce shi ba ya jin Faransanci, kuma bai ga dalilin da zai sa wanda bai gama da Turanci ba ya tsallaka rafi neman wani. Ya yi mini faɗa a kan ƙurar wandona da rubutuna da ke hawa tudu a allo. Malam Garba ya gaya masa maganar maigari. Sufeto ya goge tabarau, sannan ya ce dattawa suna da gaskiyarsu, yaro ma yana da tasa. Ya ce a sa masassaƙi ya sassaƙa mini 'yar gajerar kujera. Wanda ke zaune bai durƙusa wa kowa ba, kuma ba a taɓa jin an ce malami ya yi laifi don ya zauna yana ba da karatu ba. Ya rubuta a bar ni a kan aiki. Maigari ya yarda. Bayan kwana biyu na tarar da busasshen kifi a rataye a ƙofar ɗakina, na san daga mahaifin Alzuma ne. Kujerar da aka sassaƙo irin ta mata ce ta bakin murhu, don ita masassaƙin ya iya, shi ya sa har na bar garin ana kirana Malam mai kujerar mata.

Daga baya na sami horo na zama cikakken malami, na riƙe makarantu a Matsinkai da wasu wurare, bayan na yi ritaya kuma na buɗe 'yar makarantar renon yara a nan Bagudo. An ba mu littattafai masu bango da sunayen marubuta, na karanta, na amfana. Amma duk makarantar da na riƙe, abin da nake fara yi shi ne in sa a kawo gajerar kujera ajin ƙanana, kuma duk sabon malamin da aka turo mini sai na buɗe masa shafin nan na ce, ga abin da littafi ya ce. Daga sufeto kuma na koyi cewa in iyaye da malami sun ja daga, aikin shugaba ne ya nemo kujerar da za ta ɗauke su duka. A garin nan masu jin Faransanci ba su da wuya, kullum suna shigowa da kaya daga tsallake. Sau da yawa na ɗauko littafin zan kai a karanta mini, sai in tuna shafin da ya ɗauki magana uku, in mayar da shi akwati. Ina jin tsoron abin da zan ji ne.

Da kwana ukun suka cika na ɗauko shi na miƙa wa jikata. Ta ɗora wayarta a kan shafin, nan take rubutun ya juye Turanci a gilashi. Abin da Baba Sarzan ke ɗaukar rabin yini yana yi, ƙiftawar ido. Ta karanta, ta sake karantawa, ta dube ni. Ta ce littafin tsabtar makaranta ne, yadda ake haƙa masai da tace ruwa da maganin ƙwarƙwata. Malamin da ke hoton kuwa faratan yaron yake dubawa ko da datti. Ta bi shafukan da na sa wa lamba ɗaya bayan ɗaya. Babu maganar ido, babu maganar suna, babu 'ya'yan tsamiya. Shan ruwa kaɗai muka samu, shi ma cewa aka yi a tafasa.

Shekara da shekaru ina cewa littafi ya ce, ashe littafi bai ce ba. Malamai nawa na gaya wa? Wasu sun rasu, ba damar in gyara. Na kasa haƙuri, na hau ɗan acaba har ƙauyen nan. Jinka ta tafi, kwano ya zo, tsamiyar an sare ta, rafin an yi masa gada da shinge. Alzuma yana nan, ya yi furfura, kuma shi ne ladanin garin. Wanda da ba a jin tarinsa, yanzu har tsallake ake jin kiransa. Ya durƙusa zai gaishe ni, na ce ya tashi, gwiwoyinmu duka sun ƙare. Na kwashe labari na gaya masa, na tambaye shi ko yana ganin akwai alhaki a kaina. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce kowa a garin ya san Baba Sarzan lambobi kawai ya iya karantawa, da sunansa. Sannan ya nutsu ya ce, "Malam, ni ban ga littahi ba ran nan. Huskarka na gani." Ya ce in dai haƙƙi nake tsoro, haƙƙin tsohon ne, tun da na ɗauki maganarsa na ba takarda. Sai in mayar masa da abinsa.

Da na dawo na kira jikata na ce ta kawo biro. Ina zaune a tabarma, don yanzu in na hau kujera mai tsawo ƙafafuna kumbura suke yi. Na ce ta rubuta sunan marubuci, Baba Sarzan, mai kanwa. Ta ce takardar tana son sunan littafi da shekarar bugawa da kamfanin da ya buga. Na ce ta bar wuraren nan fili, kada ta cika abin da ba mu sani ba, amma ta rubuta abin da ya ce ɗaya bayan ɗaya, in ta gama ta karanta mini sau biyu in ji ko daidai ne. Ta tsaya a kaina da takarda tana cewa malaminsu ba zai karɓi wannan ba, ni kuwa ina ta ɗaga kai ina neman fuskarta, hasken ƙofa ya hana ni ganinta. Ta waiwaya lungun zaure inda tsohuwar kujerar nan take, ta jawo ta, ta hure ƙurar, ta zauna har idonta ya yi daidai da nawa. Ta ɗora takardar a gwiwa ta ce, "To, angona, na sauko. Me ya ce da farko?"